Kafin A Biya Kuɗin Tsohuwar Lasifika

Sanin mazauna fadamar kogin Haɗeja ne, tun daga ƙasar Auyo har zuwa Kirikasamma da Guri, cewa da asuba kiran salla yakan ƙetaro ruwa daga wani gari mai nisa, a ji shi rangaɗau kamar a bayan gida ake yinsa. Da rana tsaka kuwa, ko da lasifikar nan ce aka kunna, da ƙyar muryar take fita bayan gari. Dalili shi ne, cikin dare ƙasa takan huce, sai iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi. Shi kuwa sauti ya fi gudu a cikin iska mai ɗumi, saboda haka sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa maimakon ya watse sama. Ga kuma shirun dare, ga shimfiɗaɗɗen fili.

To, amma duk wannan taimako na yanayi ba zai amfani lasifikar da ta lalace ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke kan hasumiyoyin masallatai, da makarantu, da motocin masu talla, na hannu ne, irin waɗanda akan kira 'yan Kwatano, an sayo su a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a wurin wani mai gyaran rediyo. Sau da yawa kuɗin na karo-karon jama'a ne. Kuma a shekaru irin su 2020 da 2022, sa'ad da ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a masarautar Haɗeja, kowa ya ga cewa abin da zai ta da mutane cikin dare idan ruwa ya karya jinga ba abin wasa ba ne. Ashe wanda aka aika sayen lasifika ya kamata ya san abin da zai duba.

Mu fara da cikinta. Kowace lasifika irin wadda muka saba gani tana da maganaɗisu, da naɗin siririyar waya ta tagulla wanda ke rataye a cikin wani ɗan matsattsen rami na maganaɗisun, sai kuma faifan takarda da aka manna wa naɗin. Idan lantarki ya zo daga amfilifaya, naɗin yakan yi gaba ya yi baya, faifan ya bi shi, ya riƙa tura iska. Wannan turin iskar shi ne sauti. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau bai sake ba. Wannan ya sa tsufa kaɗai ba aibi ba ne ga lasifika. Ta shekara arba'in da aka adana da kyau tana iya kere wa sabuwa fil.

Lasifika iri biyu ce a kasuwa, kuma a nan ne mai saye ya fi yin kuskure. Akwai ta akwati, wadda aka yi domin ɗaki, akwai kuma mai bakin kakaki, wato amsa-kuwwa, irin ta kamfanonin TOA na Japan da Ahuja na Indiya. Ƙarfin sauti da dasibel ake auna shi. Idan aka ba lasifikar akwati wat ɗaya na wuta, aka tsaya mita ɗaya a gabanta, takan ba da kimanin dasibel 88. Amsa-kuwwa mai kyau kuwa takan ba da wajen 108. Kada mai karatu ya raina wannan tazara ta 20, domin ƙarin dasibel 10 yana bukatar a ninka wuta sau goma. Ke nan sai an ɗura wa akwati wat 100 kafin ya kamo abin da amsa-kuwwa ke yi da wat ɗaya tak. A garin da masallaci ya dogara da batirin mota ko farantin hasken rana, wannan lissafi shi ne kan gaba.

Ɗalibai za su iya ci gaba da lissafin da kansu. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yakan ragu da dasibel 6. Amsa-kuwwar da aka ba wat 30 za ta ba da kusan 123 a mita ɗaya. A ninka nisan sau goma a jere, an kai wajen kilomita guda, an rasa 60, saura 63, kwatankwacin muryar mutum yana hira a gabanka. Iska da itatuwa da gine-gine za su rage wani abu. Sai dai amsa-kuwwa ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka ganga ko kalangu a cikinta kamar gwangwani suke. Mai neman kayan kiɗan biki ya nemi akwati.

Lambar wat da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kaya kuwa, musamman wadda aka bi ta da haruffan PMPO, ta 'yan talla ce kawai. Ko da lambar gaskiya ce, abin da take nufi shi ne yawan wutar da lasifikar za ta iya jurewa kafin ta ƙone, ba ƙarar da za ta yi ba.

Yanzu mu zo ga abin da ƙasarmu ke yi wa waɗannan kaya. A gefen faifan akwai wani zobe mai taushi da ke riƙe shi. Masu ƙera lasifika da yawa a shekarun 1970 da 1980 da soso suka yi shi, shi kuwa irin wannan soso danshi da zafi suna cin sa a hankali har ya riƙa marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Raɓar damina a bakin fadama, da zafin bazara mai haura digiri 40, sukan gaggauta mutuwarsa. A taɓa shi da ɗan yatsa. Idan ya dame ko ya zube, ya gama aiki. Amma wannan ba ya hana ciniki, domin ana iya sake zoben da kuɗi kaɗan, sai dai a nemi ragi. Zoben yadi ko na roba ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Cutar da ta fi wannan muni a ɓoye take. Ramin da naɗin waya ke kai-komo a cikinsa ƙanƙane ne ƙwarai, tazarar da ke tsakanin naɗin da ƙarfe ba ta kai milimita ɗaya ba. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, takan sami hanya ta shiga, maganaɗisu kuma ya riƙe duk wani ɓarɓashin ƙarfe da ya zo kusa. Idan kuwa lasifikar ta taɓa kwana cikin ruwa, tsatsa ce za ta cika ramin. A shimfiɗa yatsu a kewayen tsakiyar faifan, a danna a hankali, daidai wa daida. Lafiyayye zai shiga ya fito shiru. In aka ji ƙarar gogayya kamar ana jan ƙafa a kan yashi, to, naɗin ya ƙone ko ramin ya toshe, kuma gyaransa ya kusa kuɗin wata. Akwatin ma yakan tona asiri: katakon da aka yi da garin itace, da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura daga ƙasa, kuma ba ya komawa. Sabon fenti a gindin tsohon akwati abin tambaya ne.

Gwaji mafi sauƙi da batirin tocila ake yinsa, mai ƙarfin bolt 1.5. A taɓa wayoyin lasifikar biyu a kan batirin na ɗan lokaci kaɗan. Za a ji "ɗas", a ga faifan ya motsa. In aka juya batirin sai ya motsa ta ɗaya ɓangaren. Shiru yana nufin wayar ta tsinke. Malamin kimiyya zai iya nuna wa aji wannan da mataccen rediyo, ya fi zane goma a kan allo. Wanda yake da mitar awon lantarki ya auna: lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, kuma hakan daidai ne. Idan ta nuna kusa da sifiri, naɗin ya narke ya haɗe. A kula, wasu amsa-kuwwa suna da ƙaramar taransifoma a bayansu domin doguwar waya, awonsu ya sha bamban.

Akwai masu neman tsofaffin lasifika saboda maganaɗisunsu, wanda ake kira alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe. A 1978 yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, inda ake haƙo kobalt mai yawa, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, kamfanoni suka koma ga baƙin maganaɗisun nan mai kama da dutse. Masu sha'awa a Turai da Japan suna biyan kuɗi mai tsoka a kan irin na da. Ga mai neman abin kiran jama'a, wannan ba dalilin ƙarin ko sisi ba ne. Abin da ya kamata ya duba shi ne kada baƙin maganaɗisun ya tsage, domin faɗuwa ɗaya takan fasa shi ko ta goce shi daga mazauninsa.

Daga nan sai saurare. Kada a yarda mai kaya ya ƙure murya da kiɗa, domin hayaniya tana rufe aibi, tana kuma cutar da kunne. A sa maganar mutum, kamar labaran rediyo, a rage murya ƙasa-ƙasa, a kasa kunne ko za a ji zizar da ba ta cikin maganar. Sannan a ɗaga, a ja da baya taku talatin, a ga ko ana rarrabe kalmomi. Idan amsa-kuwwa ce, a kwance kan da ke bayanta a duba ɗan faifan ciki, wanda ake samun madadinsa a kasuwa. A kuma leƙa cikin maƙogwaronta da tocila. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a wannan wuri, kuma sau da yawa lasifikar da ake cewa ta shaƙe, tsinke kawai take bukata.

Bayan an kawo ta gida, a tuna cewa lasifika biyu masu om 8 da aka jona a bakin waya ɗaya sun zama om 4, huɗu kuma sun zama om 2, nauyin da yawancin amfilifaya ba sa ɗauka. Wajen ɗaurawa a kan hasumiya, a ɗan sunkuyar da bakinta ƙasa don kada ruwan sama ya taru a ciki, a kuma rufe shi da ragar sauro saboda zanzaro.