'Yargoje: Matashin da ke koyon ɗaukar hoton kwazazzabon da ke cin gonar gidansu

Hotunan farko da ya ɗauka ba su nuna komai ba. Kwazazzabon da ya fi tsayin mutum zurfi sai ya fito a wayarsa kamar wata 'yar kwata. Daga nan ne wani matashi manomi a yankin 'Yargoje, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina, ya gane cewa riƙe waya daban, iya ɗaukar hoto daban.

Dalilinsa ba sha'awa ba ce kawai. Duk damina ruwa na yaga wani sashe na gonar da suka gada, kuma in ya faɗa da baki, sai a ɗauka yana zuzutawa.

Abu na farko da ya koya shi ne lokaci. Da tsakar rana haske na sauka ne daga sama, ya shafe inuwa, ramin ya zama kamar fili. Amma da sanyin safiya ko bayan la'asar, hasken na zuwa daga gefe, sai kowace tsaga ta fito, a ga jar ƙasa a sama, marmara a ƙarƙashinta. A kwanakin hunturu kuwa hazo na disashe launi, dole ya matsa kusa.

Na biyu shi ne ma'auni. Sai ya tsayar da ƙaninsa a ƙasan ramin, ko ya jingina fartanya a jikin gaɓar, domin mai kallo ya gane zurfin.

Na uku ya fi muhimmanci: ɗauka daga wuri guda. Ya zaɓi gindin wata ɗorawa, inda yake tsayawa kafin ruwan farko da kuma bayan kaka. In aka jera hotunan, za a ga yadda bakin ramin ke matsowa. Haka masu binciken zaizayar ƙasa ke yi.

Aikin na da haɗari. Ruwa kan rarake gaɓa ta ƙasa, wanda ya tsaya a baki yana iya ruftawa. Ga kuma rashin tsaro: a watan Yunin 2024 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a 'Yargoje, kuma a 2021 an katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A irin wannan yanayi, wanda aka gani yana ɗaga waya a daji ana iya zarginsa da kai wa ɓarayi rahoto. Shi ya sa ba ya fita sai ya sanar da mai unguwa, kuma ba ya nisa da gari.

A Amurka, irin wannan zaizayayyar ƙasa a jihar Dakota ta Kudu wurin yawon buɗe ido ce. A nan kuwa abincin gida ne ke tafiya.

A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Burin matashin shi ne ya wanke hotunansa, ya haɗa da takardar koken unguwarsu, a miƙa wa hukuma kafin damina ta sake sauka.