Sintiri a kan keke: Yadda horonsa yake da inda zai yi amfani a Birnin Gwari

Tun bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da ’yan bindigar dajin Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, wanda ya kai ga Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta shafe shekaru a rufe, harkoki sun fara farfaɗowa. Motocin hatsi da na dabbobi sun koma bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa. Sai dai ɗorewar wannan zaman lafiya tana buƙatar jami’in tsaron da jama’a za su riƙa gani kullum a kasuwa da lunguna da bakin gonaki. A nan ne batun sintiri a kan keke ya shigo.

Keken da ake nufi shi ne na hawan duwatsu, mai faffaɗar taya da giya da yawa da birki mai ƙarfi, wanda aka fara haɗawa a Jihar Kaliforniya ta Amurka cikin shekarun 1970. A 1987 ne ’yan sandan birnin Siyatul suka fara sintiri da shi, domin cunkoson tsakiyar gari yana hana motocinsu sakewa. Dabarar ta bazu, har aka kafa ƙungiyar IPMBA a 1992 don tsara horon irin waɗannan jami’ai, wanda kan ɗauki kwana huɗu zuwa biyar.

Iya tuƙa keke kaɗai bai isa ba. Darasi na farko shi ne tafiya a hankali ƙwarai tsakanin alamomin da aka jera a matse, ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba, domin haka jami’i zai ratsa taron jama’a bai buge kowa ba. Na biyu shi ne birki. Birkin gaba ne ya fi tsayar da keke, amma wanda ya danne shi da ƙarfi bai mayar da nauyinsa baya ba, zai kife ta kan ƙaho. Ana kuma koyar da hawan tudu da gangara, da ratsa yashi da tsakuwa, da saurin dirowa idan an ga haɗari, da yadda za a gindaya keken tsakanin jami’i da mai neman kai masa farmaki.

Sauran ƙa’idojin su ne sanya hular kwano, da kunna fitila da dare, da riƙe ruwan sha, da fita bibbiyu tare da na’urar oba-oba. Dole ne kuma kowane jami’i ya iya yin faci da gyaran sarƙa da kansa, musamman a ƙasar da ƙaya ta yi yawa.

To, ina wannan keke zai yi aiki a Birnin Gwari? Gandun dajin Kamuku, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ya kai faɗin murabba’in kilomita 1,120, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. ’Yan bindigar da suka addabi yankin kan fito ne a ayarin babura, biyu ko uku a kan kowane babur, ɗauke da manyan bindigogi. Harin da suka kai ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018 ya ci rayuka fiye da 40. Dogaron maharan da babura ne ya sa Gwamnatin Kaduna ta hana hawansu a faɗin jihar a ƙarshen Satumban 2021. Tura ɗan sanda a kan keke cikin irin wannan daji tamkar miƙa shi ga halaka ne; wannan aikin sojoji ne da jami’an kwantar da tarzoma.

Amfanin keke yana cikin gari da kewayensa: kasuwar hatsi, da kara, da tashar mota, da makarantu, da hanyoyin gonakin da ke kusa. Ba ya ƙara, ba ya shan fetur, wanda farashinsa ya ninka sau da yawa tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma yana bin ’yar siririyar hanyar da mota ba ta shiga. Mafi muhimmanci, mai keke a fili yake. Ɗan kasuwa zai iya tsayar da shi su gaisa, ya raɗa masa labarin baƙuwar fuska ko satar shanun da ka iya ruguza sulhu.

Wurin ba da horon ma akwai shi. A Kwalejin ’Yan Sanda ta Kaduna aka horar da sabbin jami’an sa-kai 7,000 na hukumar KADVS a 2023. Idan hukumomi za su gwada wannan tsari, ya kamata a fara da horo da kayan gyara kafin sayen kekuna, a shata iyakar da mai keke ba zai wuce ba, a kuma tanadi motar ɗauki da za ta iso cikin ’yan mintuna idan ya kira.