Ƙananan Ƙudajen Fure: Sanin Mai Amfani da Mai Ɓarna

Duk wanda ya ratsa gonakin Tsiga, ta ƙasar Bakori, a ƙarshen damina, sa'ad da dawa ta fitar da kai ta soma bununi, in ya tsaya da hantsi ya dubi zangarniya da idon basira, zai tarar da wasu ƴan ƙudaje suna kai da kawowa a kanta, waɗanda saboda ƙanƙantarsu galibin manoma ba su ɗauke su a bakin kome ba, alhali kuwa cikar rumbu ko ramarsa tana iya rataya a kansu.

Farkon abin da ya wajaba shi ne rarrabe ƙuda da zuma, gama akwai ƙudajen da Allah cikin hikimarSa Ya tufatar da su da ratsin rawaya da baƙi, har mai kallo ya zaci suna harbi. Hujjar da masana suka dogara da ita ita ce fiffike: na ƙuda biyu ne, na zuma huɗu. Wannan mai kama da zuma, wanda yakan tsaya cik a iska bisa fure, aboki ne, domin yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, tsutsar da yawa daga irinsa kuma ƙwarin darɓa take ci. Haka nan furen mangwaro, ƙudaje na cikin manyan masu yi masa wannan hidima. Koko na kudancin Nijeriya ma wasu ƙananan ƙudaje ne sababin ƴaƴansa.

Amma mas'alar da ta fi shafar manomin Funtua da Malumfashi ita ce ta ƙudan dawa, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, cikinsa ja-ja ne, ƙafafunsa dogaye sirara. Macen takan fito da safe, ta saka ƙwai cikin furen da ya buɗe a ranar, ta mutu cikin yini guda; tsutsar kuwa sai ta tsotse ƙwayar tun ba ta ƙulla ba, har a zo kaka a sami zangarniya tsaye, cikinta fanko, a ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa. Alamarta tabbatacciya ce: in aka matse kwanson da bai yi ido ba tsakanin yatsu, jan ruwa zai fito. K. M. Harris, wanda ya yi bincike a kansa a Samaru ta Zariya, ya wallafa bayaninsa a 1961.

Sanin tsiron da ƙwaro ya lazimta rabin saninsa ne, domin wannan ƙuda ba ya hayayyafa sai a dawa da danginta, kamar takanda da dawar jeji. Gero yana da nasa dabam. Tun da yake zuriya guda tana kammala cikin mako biyu zuwa uku, gonar da ta yi fure a makare ita ke karɓar taron da ya yawaita a gonakin da suka riga ta. Saboda haka maslaha ita ce maƙwabta su yi shuka lokaci ɗaya, su ƙone kawunan da suka lalace inda tsutsa ke kwanciya har rani ya wuce, kuma kada a yi feshi a kan fure sai an tabbatar da wane ne baƙon, a kai shi ga malamin gona in shakka ta shiga.