Yadda ake daidaita aikin yau da kullum da burin dogon lokaci

Ma'aikaci kan kammala jerin ayyukansa kullum, amma shekara ta ƙare bai fara ƙarin karatu ko tanadin gina gida da ya ƙudurta ba. Dalili shi ne, yawancin tsare-tsaren aikin yini yawan abin da aka gama suke aunawa.

Tsarin Pomodoro, wanda Francesco Cirillo ɗan ƙasar Italiya ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, yana raba aiki zuwa mintuna 25, sai hutun mintuna 5. Yana taimakawa wajen tattara hankali, sai dai ba ya zaɓa wa mutum aikin da ya kamata ya sa gaba.

A littafinsa na 1989, Ba'amurke Stephen Covey ya kasa ayyuka gida huɗu bisa gaggawa da muhimmanci. Ilimi, lafiya da tanadi suna cikin masu muhimmanci marasa gaggawa, shi ya sa ake yawan ɗage su.

Saboda haka Covey ya ba da shawarar a riƙa tsara mako guda gaba ɗaya, a fara ware wa irin waɗannan ayyuka lokaci kafin na gaggawa su cinye ranakun.