Agogon Jiki da Ciwon Daji

Manomin da ya lura da ganyen tsamiya ko na gyaɗa ya san yana rufewa da almuru, ya buɗe in gari ya waye. Zakara ma ba ya tambayar kowa lokaci. To, ɗan Adam ma Allah ya sanya masa irin wannan agogo a ƙwaƙwalwa, kuma hasken da ke shiga ido shi ke daidaita shi kullum.

In duhu ya yi, jiki yakan fitar da wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shirya mutum ga barci. Agogon nan kuma yana da hannu wajen tsara lokacin da ƙananan ƙwayoyin jikinmu ke hayayyafa, da lokacin da suke gyara abin da ya lalace a cikinsu. Ciwon daji, wato sankara, yana somawa ne sa'ad da ƙwayar da ta lalace ta yi ta hayayyafa babu tsayawa. In agogo ya rikice shekara da shekaru, gyara na iya yin rauni.

A shekarar 2007, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ce mai yiwuwa aikin dare na iya jawo ciwon. Ta sake faɗin haka a 2019, ta ambaci ciwon nono, da na mafitsarar maza, da na babban hanji. A lura da kalmar "mai yiwuwa". Kwana ɗaya ko biyu ba barci ba shi ne abin tsoro ba.

Mu nan Difa zancen ya shafe mu. Mai tattasai a bakin Kumadugu yakan kwana wajen injin ban ruwa. Masunci, da mai gadi, da ma'aikaciyar asibiti, duk da dare suke neman abinci. Ba wanda zai ce su bari. Amma ƴan'uwa masu gona ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, kada daren ya zama na mutum guda. Wanda ya kwana aiki ya rama barcinsa a ɗaki mai duhu, iyali kuma su bar shi ya huta. Samarinmu masu kallon salula har asuba fa, su ba su da hujja ko kaɗan.

Wanda ya ji ƙullutu a nono, ko ya ga jini a bayan gida, ya tafi asibiti tun da wuri. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga Difa.