Hazon Eksire a Gungun Taurarinmu: Asalinsa da Sunan da Ya Dace da Shi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san eksire a asibiti, wajen ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji. Sararin samaniya ma cike yake da irin wannan haske, sai dai mai kallon taurari daga Kachalla Sembe ta Jalingo ba zai gan shi ba, domin ido ba ya kama shi, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana shanye shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalinsa, don a raɗa masa suna bisa sani.

2.0 Gano Shi

A shekarar 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka mai ɗauke da na'ura daga Amurka. Suka tarar da eksire iri biyu: mai fitowa daga wuri guda, da wanda ya bazu ko'ina. Bincike ya nuna cewa kakkarfan ɓangaren mai bazuwar daga gungayen taurari masu nisa yake, rarraunan ɓangaren kuwa akasarinsa na cikin gungunmu ne. Tauraron ɗan'adam na Jamus, ROSAT, wanda aka harba a 1990, ya zana taswirarsa.

3.0 Saɓanin Masana

Da farko an ɗauka cewa rana tana cikin wani wagegen kogo mai siririyar iska da zafinta ya kai digiri miliyan 1, wanda fashewar manyan taurari ta bari. A 1996 sai aka ga tauraro mai wutsiya Hyakutake yana fitar da eksire, aka gane cewa ƙwayoyin da rana ke fesowa kan haifar da shi in sun gamu da wata iska. Nan shakka ta shigo: anya kogon yana nan? Rokar DXL ta 2012 ta raba gardama: a tsakiyar zirin gungun, kimanin kashi 40 cikin 100 daga feshin rana yake, saura daga kogon.

4.0 Kammalawa

Tunda mafarinsa ba ɗaya ba ne, bai kamata sunansa ya jingina shi ga rana ko tauraro ba. Kalmar "hazo" ta fi dacewa, domin hazo yakan cika sarari ba tare da an nuna bakinsa ba. Don haka ake ba da shawarar "hazon eksire".