Gaya: yaushe gyaran tsohuwar mota ke zama hasara?

Shekaru da dama, mafi yawan hajar da Nijar ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta gadar Gaya ta riƙa shigowa. Daga Kwatano zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 1000, ta Faraku da Malanbil da Doso, kuma galibin manyan motocin da suka yi wannan jigila tsofaffi ne, waɗanda suka gama aiki a Turai kafin a sayo su. Duk mai irin wannan mota, wata rana sai tambaya ta tsare shi: ya ƙara zuba kuɗi wajen bakanike, ko kuwa ya sayar ya nemi wata? Wanda ya yi gaggawa ya rabu da mota mai sauran amfani. Wanda ya yi jinkiri kuwa, gyara ya cinye masa uwar kuɗi.

Hausawa na cewa tsohon doki sai mai shi, amma masana lissafi sun daɗe da sa baki a wannan magana. A 1955 Richard Bellman na Amurka ya fitar da hanyar lissafa lokacin da ya dace a canza tsohon inji. A 1987 kuma John Rust ya bi diddigin bayanan kimanin shekara 10 na motocin safa na birnin Madison, ya auna yadda yawan tafiyar da mota ta yi ke kai ta ga canjin inji.

Tushen lissafin ba shi da wuya. A haɗa kuɗin sayen mota da duk abin da gyaranta ya ci, a raba bisa yawan shekarun da ta yi aiki. Ga misali: ɗan kasuwa ya sayi mota miliyan 20 na sefa. Gyara ya ci miliyan 1 a shekarar farko, 2 a ta biyu, 4 a ta uku. Jimla miliyan 27, wato miliyan 9 kowace shekara. A shekara ta huɗu gyara ya ci miliyan 5, jimla ta zama 32, rabon ya sauka zuwa 8. Riƙe motar ya yi amfani ke nan. To, idan a shekara ta biyar sai an sauke inji, abin ya kai miliyan 13, jimla za ta zama 45, rabon ya koma 9. Ƙa'idar ita ce: muddin gyaran baɗi zai zarce rabon bana, lokacin rabuwa ya yi.

Wajibi ne a sa kwanakin da mota ta kwana garaji ba ta kawo ko dala ba cikin kuɗin gyara, a kuma cire abin da za ta yi a kasuwa ranar sayarwa.

Sai dai a bakin iyaka lissafi ba ya zama wuri ɗaya. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, mota da kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. A ƙarshen Yuli na 2023 kuma, bayan juyin mulki, aka rufe gadar, motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, kaya suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso. Motar da ta yi watanni a tsaye ba ta ci inji ba, amma taya da batir sun lalace. Saboda haka ƙidayar kilomita ta fi ta shekaru gaskiya, kuma duk sa'ad da farashi ko hanya suka canza, sai a sake lissafi.

Wannan awo ya shafi ma'aikatan gwamnati su ma, domin da shi za a iya auna motar asibiti, da injin wutar ofis, da injin ban ruwa na gonakin shinkafa, a san wanda za a sa canjinsa cikin kasafin kuɗi tun kafin ya mutu a tsakiyar aiki.

Abu ɗaya ne ba a iya yi sai da shi: rubutu. Littafi guda a gaban mota, inda direba zai riƙa rubuta rana, da kilomita, da abin da aka canza, da kuɗinsa, ya isa. Mai motar da ba ya da wannan littafi, da ƙiyasi yake yanke hukunci a kan dukiyar miliyoyi.